Me Ya Sa Sauka Daga Mulki Ke Wuya a Ƙasashen da Turawa Suka Mallaka?

A watan Agustan 2024, lokacin da zanga-zangar tsadar rayuwa ta mamaye biranen Arewa har gwamnatin jiha ta kafa dokar hana fita a Kaduna da Zariya, an ga wasu matasa suna ɗaga tutar Rasha, wasunsu kuma suna kiran sojoji su fito su karɓi mulki. Mafi yawan waɗannan matasa ba su taɓa zama ƙarƙashin mulkin soja da wayonsu ba, domin tun ranar 29 ga Mayun 1999 sojojin Nijeriya suka koma bariki. Abin da suka sani shi ne jawaban Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso da ke yawo a wayoyinsu, da labarin yadda sojojin Nijar suka sallami dakarun Faransa, da kuma farashin kwanon masara a Kasuwar Barci. Dattawa sun yi musu faɗa, malamai sun yi huɗuba, amma tambayar da ke ƙarƙashin lamarin tana nan: me ya sa, bayan fiye da shekara sittin da samun 'yancin kai, har yanzu akwai masu ganin babu hanyar kawar da gwamnatin da ta gaza sai ta bakin bindiga?

Ra'ayina shi ne, mafi yawan rikicin siyasar da ƙasashen Afirka da wasu na Asiya suka sha tun bayan tafiyar Turawa ya samo asali ne daga irin gwamnatin da aka gada. An gaji gwamnati mai ƙarfin danniya wadda kusan duk arzikin ƙasa ke bi ta hannunta, amma ba a gaji wata hanya da kowa ya amince da ita ta sauke mai mulki ba tare da zubar da jini ba, kuma ba tare da wanda aka sauke ya rasa ransa ko 'yancinsa ko hanyar cin abincinsa ba. Ƙabilanci da addini da katsalandan ɗin ƙasashen waje duk sun taka rawa, sai dai wannan giɓi ne ya ba su ƙofar shiga.

Ya kamata a fara da duba abin da Turawa suka gina, domin ba don jin ra'ayin talakawa suka gina shi ba. Rundunar da Baturen Ingila Frederick Lugard ya haɗa a ƙarshen ƙarni na 19, wadda ta ci Kano da Sakkwato a 1903 ta kuma ƙone Satiru a 1906, ita ce kakar rundunar sojan Nijeriya ta yau, kuma aikinta na asali shi ne murƙushe mutanen cikin gida, ba tsaron iyaka ba. Shi kansa garin Kaduna, da ya zama hedikwatar Arewa a 1917 bayan an taso daga Zungeru, an zaɓe shi ne saboda layin dogo da ruwa da filin kafa bariki. A ƙarƙashin Razdan da Di'o, wato Turawan da ke kula da lardi da gunduma, akwai En'e, hukumar mulkin sarakuna, wadda ke da 'yan dokanta da kotunan alkalai da gidajen yari da baitulmali. Mai unguwa ya tara haraji ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, Bafulatani ya biya jangali a kan kowace saniya, sannan gwamnatin Turawa ta ɗauki kasonta. A duk tsawon wannan jeri babu inda talaka ke da ikon cewa bai yarda ba. Zaɓe bai shigo Arewa ba sai a shekarun 1950, wato shekaru goma na ƙarshe na mulkin da ya ɗauki kusan shekara sittin, kuma matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970.

Akwai wani gado kuma da ba a cika ambatonsa ba, alhali ya fi komai bayyana dalilin da ya sa kujerar mulki ta zama abin a mutu a kai. A ƙarshen shekarun 1940 Turawa suka kafa hukumomin cinikin amfanin gona, na koko da gyaɗa da auduga da manja, aka ba su ikon su kaɗai za su fitar da waɗannan kaya zuwa ƙasashen waje. Hukumar kan yanke wa manomi farashi ƙasa da na kasuwar duniya, ta adana rarar da sunan za a tallafa masa ranar da kasuwa ta faɗi. A 1954 aka mayar da hukumomin hannun gwamnatocin jihohi uku na wancan lokaci, rarar ta zama babbar hanyar samun kuɗinsu. Da ita aka gina makarantu da hanyoyi da masana'antu, wannan gaskiya ne, amma kuma jam'iyyar da ke mulki ce ke yanke shawarar wanda za a ba lasisin sayen gyaɗa, da wanda zai sami bashi, da wanda za a ba kwangila, da ɗan wanda za a tura karatu Ingila. A ƙasar da babu manyan kamfanoni na 'yan ƙasa, kuma gwamnati ce babbar mai ɗaukar ma'aikata, wanda ya faɗi zaɓe ya rasa kujera, ya kuma rasa kasuwa, magoya bayansa ma haka. A Gana koko ne, a Senegal gyaɗa, a Zambiya tagulla, tsarin dai ɗaya ne.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da jam'iyyun Jamhuriya ta Farko suka ɗauki adawa a matsayin laifi. A nan Arewa 'yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950 wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, sun sha ɗauri a hannun En'e kan laifuffuka irin su yin lacca ba izini ko zagin sarki, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga gidan yari sau da dama. A Jihar Yamma aka kafa dokar ta-ɓaci a 1962, aka yanke wa Obafemi Awolowo hukuncin ɗaurin shekara goma a 1963 bisa laifin cin amanar ƙasa. Ƙidayar jama'a ta 1962 da ta 1963 ta zama rigima domin yawan kujerun majalisa ya dogara a kanta. Zaɓen tarayya na Disamban 1964 wasu suka ƙaurace masa, na Yamma a Oktoban 1965 kuma ya ƙare da ƙone-ƙone. Wajibi ne a yi wa shugabannin wancan zamani adalci: Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa ba su bar wata dukiyar a zo a gani ba, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 da masaƙun Kakuri da gidan rediyon Kaduna shaida ne a kan aikinsu. Amma nagartar mutum daban, tsarin da yake ciki daban. A wancan tsari babu wata jam'iyya mai mulki a kowace jiha da ta yi tunanin wata rana za ta koma kujerar 'yan adawa.

Duk wanda ya shiga harabar Gidan Arewa da ke kan titin Rabah a Kaduna, inda yanzu ɗalibai da masu bincike ke zama suna buɗe tsofaffin takardu, yana tsaye ne a wurin da wannan tsari ya fashe. A nan gidan Firimiya yake, kuma a nan ne cikin daren 15 ga Janairun 1966 Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, haifaffen wannan gari mai jin Hausa, malami a makarantar horar da sojoji, ya zo da sojojin da aka fito da su da sunan atisayen dare, suka kashe Sardauna da matarsa Hafsatu. A daren aka kashe Birgediya Samuel Ademulegun da matarsa da Kanar Ralph Shodeinde a Kaduna, aka kashe Firimiyan Jihar Yamma Samuel Akintola a Ibadan, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas aka kashe shi, tare da manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Da Nzeogwu ya yi jawabi a rediyon Kaduna, juyin juya hali ya kira abin da suka yi, ya ce maƙiyansu su ne masu cin hanci da masu neman kashi goma cikin ɗari a kan kowace kwangila da masu raba kan jama'a.

Ko da an ɗauka cewa da gaske yake, abin da ya biyo baya ya isa darasi. Waɗanda suka yi juyin ba su sami mulkin ba, Janar Aguiyi-Ironsi ne ya karɓa. Jerin sunayen waɗanda aka kashe da na waɗanda aka bari ya sa Arewa ta fahimci lamarin a matsayin makircin ƙabila guda, Doka ta 34 ta watan Mayu da ta rushe tsarin tarayya ta ƙara wa wutar fetur, aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo mazauna Arewa a wannan shekara, aka yi juyin ramuwa ranar 29 ga Yuli, sannan yaƙin basasa daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, wanda ya ci rayukan mutane miliyan ɗaya ko fiye, yawancinsu saboda yunwa. Shi Nzeogwu ya mutu a fagen daga kusa da Nsukka a farkon yaƙin, aka kawo gawarsa Kaduna aka binne a maƙabartar sojoji. Cin hancin da ya ce zai kawar kuwa bai kai ko kusa da abin da aka gani a shekarun man fetur ba. Abin da juyin ya kafa shi ne al'adar cewa duk hafsan da ke da bataliya a hannunsa yana iya zama alƙalin gwamnati. Gowon ya yi alkawarin miƙa mulki a 1976, ya janye alkawarin a 1974, aka kifar da shi a 1975 yana taro a Kampala. Murtala ya yi wata shida da 'yan kwanaki aka harbe shi a kan titin Legas. Babangida ya yi ta ɗage ranar miƙa mulki har ya soke zaɓen 12 ga Yunin 1993. Abacha ya mutu a 1998 bayan jam'iyyu biyar duk sun tsayar da shi ɗan takara, Shehu Musa 'Yar'aduwa kuma ya riga ya rasu a gidan yarin Abakaliki.

Ba Nijeriya ce ta fara ba. A Togo, ranar 13 ga Janairun 1963, tsofaffin sojojin da Faransa ta sallama, waɗanda Shugaba Sylvanus Olympio ya ƙi ɗauka cikin ƙaramar rundunar ƙasar saboda ƙarancin kuɗi, suka harbe shi a ƙofar ofishin jakadancin Amurka a Lome. Ɗaya daga cikinsu, Gnassingbe Eyadema, ya karɓi mulki a 1967 ya riƙe har mutuwarsa a 2005, ɗansa ya gaje shi. Rigimar neman aiki ce ta haifar da sarautar gida guda ta fiye da rabin ƙarni. A Gana kuwa, Kwame Nkrumah, wanda ya kai ƙasarsa ga 'yanci a 1957 ya kuma gina madatsar ruwa ta Akosombo, shi ne ya kafa dokar tsare mutum ba shari'a a 1958, ya mayar da ƙasar mai jam'iyya ɗaya a 1964, babban abokin hamayyarsa J. B. Danquah ya mutu a kurkukun Nsawam a 1965. Da farashin koko ya faɗi, kayan masarufi suka yi wuya, babu wata ƙuri'a da mutanen Gana za su nuna fushinsu da ita. Ranar 24 ga Fabrairun 1966, yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi, sojoji da 'yan sanda suka hamɓarar da shi, jama'a suka fito murna a Accra.

A nan ne masu ɗora komai a kan Turawa ke da hujja mai ƙarfi, kuma bai dace a raina ta ba. Kwango ta sami 'yanci ranar 30 ga Yunin 1960 ba tare da hafsa ɗan ƙasa ko ɗaya a rundunarta ba. Cikin mako guda sojoji suka yi bore, cikin mako biyu lardin Katanga mai arzikin tagulla ya ɓalle da goyon bayan Beljiyam, ranar 17 ga Janairun 1961 kuma aka kashe Firaminista Patrice Lumumba, aka narkar da gawarsa. Binciken majalisar Beljiyam na 2001 ya amince cewa gwamnatin ƙasar na da alhaki a kisan, kuma sai a 2022 aka mayar wa iyalansa haƙorinsa, wanda shi kaɗai ya rage. Mobutu, da Amurka ta riƙe a matsayin garkuwa daga Tarayyar Sobiyet a zamanin yaƙin cacar baka, ya yi mulki daga 1965 zuwa 1997. Faransa ta ajiye dakaru a tsofaffin ƙasashenta tana kare wanda take so. Duk da haka, da ɗan gari akan ci gari. Mobutu na hannun daman Lumumba ne kafin ya juya masa baya, kuma a kusan ko'ina baƙo ya sami abokin hulɗa ne a cikin mutanen da suka tabbata cewa ta hanyar lumana ba za su taɓa kaiwa ga mulki ba, ko kuma idan suka sauka ba za su tsira ba.

Masu juyin juya hali na gaskiya, wato waɗanda suka zo da niyyar canza wanda ke da gona da wanda ke cin moriyar gwamnati, sun fi cancantar a tsaya a kansu, domin su ne matasa ke sha'awa. Hafsoshin da suka kawar da Sarki Faruk na Masar a 1952 sun rage wa manyan masu ƙasa gonaki sun raba wa manoma, Gamal Abdul Nasir ya ƙwace mashigin Suwez a 1956, amma sun haramta jam'iyyu tun 1953, kuma tun daga lokacin, in ban da shekara guda ta Muhammad Mursi, duk wanda ya daɗe a kan mulkin Masar daga soja ya fito. A Habasha sojojin da suka tuɓe Haile Selassie a 1974 sun ƙwace ƙasa daga hannun iyayen gidan manoma, sannan suka shiga kashe junansu da kashe ɗalibai har Mengistu ya gudu Zimbabuwe a 1991.

Thomas Sankara ne ya fi kowa ban sha'awa da ban tausayi. Ya hau mulki ranar 4 ga Agustan 1983 yana da shekara 33, ya canza wa ƙasar suna daga Upper Volta zuwa Burkina Faso a 1984, ya sayar da motocin alfarma na gwamnati ya sa ministoci shiga ƙaramar Renault, aka yi wa yara fiye da miliyan biyu rigakafin ƙyanda da sanƙarau da shawara cikin 'yan makonni, aka dasa itatuwa, aka naɗa mata a manyan muƙamai, aka tilasta wa ma'aikata sa tufafin da aka saƙa da audugar ƙasar. A taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na Yulin 1987 a Addis Ababa ya nemi shugabanni su haɗa kai su ƙi biyan bashi. Ba wanda ya taɓa kama shi da sata. Amma a ƙarƙashinsa babu jam'iyyun adawa, an kori malaman makaranta fiye da dubu saboda yajin aiki a 1984, an raunana ƙungiyoyin ƙwadago da sarakunan gargajiya, kwamitocin kare juyin juya hali da aka ba makamai a unguwanni suka zama abin tsoro ga jama'a. Da saɓani ya taso tsakaninsa da abokinsa Blaise Compaore, babu majalisa, babu kotu, babu babban taron jam'iyya da za a kai maganar. Ranar 15 ga Oktoban 1987 aka harbe shi tare da mutum 12. Compaore ya yi shekara 27, ya warware kusan duk abin da aka ƙulla, domin ayyukan sun rataya ne a wuyan mutum ɗaya. Wannan, a ganina, shi ne babban raunin irin wannan juyin: yana rushe duk wata cibiya da za ta iya ce masa a'a, alhali su ne cibiyoyin da za su iya kare aikinsa bayan ba shi.

Indiya da Pakistan sun nuna cewa gadon mulkin mallaka ba ƙaddara ce da ba ta kaucewa ba. Daga runduna ɗaya ta Turawan Ingila sojojinsu suka fito a 1947. A Indiya jam'iyyar Congress ta daɗe da kafuwa tun 1885, Nehru ya zauna a gidan da babban kwamandan soja ke zama a da, aka soke muƙamin kwamandan a 1955, aka ɗora ma'aikatar tsaro ta farar hula a kan hafsoshi. Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci a 1975 ta ɗaure 'yan adawa, amma da ta faɗi zaɓen 1977 ta sauka, ta sake tsayawa ta ci a 1980. A Pakistan kuwa Jinnah, jagoran kafa ƙasar, ya rasu a 1948, aka kashe Firaminista Liaquat Ali Khan a 1951, ba a sami kundin tsarin mulki ba sai 1956, Janar Ayub Khan ya karɓe mulki a 1958, aka rataye hamɓararren Firaminista Zulfikar Ali Bhutto a 1979. A Afirka ma Botswana ba ta kafa rundunar soja ba sai 1977, shekara 11 bayan 'yanci, kuma jam'iyyar da ta yi shekara 58 tana mulki ta faɗi zaɓe a 2024 ta miƙa ba gardama. Leopold Senghor na Senegal ya sauka da kansa a ƙarshen 1980, Julius Nyerere na Tanzaniya a 1985, duk da cewa shirinsa na tattara manoma a ƙauyukan gurguzu ya jefa tattalin arziki cikin wahala.

Mu mutanen Kaduna muna da namu misalin mai ɗaci da daɗi. A 1979 Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya ci kujerar gwamnan tsohuwar jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina, a ƙarƙashin PRP, jam'iyyar da ta gaji aƙidar NEPU. Shi da Abubakar Rimi na Kano suka soke haraji da jangali, wato suka tsinke igiyar da ta ɗaure talaka tun zamanin Turawa, kuma ba da bindiga suka yi ba, da ƙuri'a. Sai dai majalisar dokokin jihar tana hannun jam'iyyar NPN, abokiyar hamayyarsa, da babban rinjaye. Ta yi ta watsi da sunayen kwamishinonin da ya aika mata, shi kuma ya ƙi yarda ya raba muƙamai da ita, har aka tsige shi a watan Yunin 1981, ya zama gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Nijeriya. Ban ɗauki tsigewar a matsayin adalci ba, ramuwar siyasa ce ƙarara. Amma Balarabe ya fita daga gidan gwamnati da ƙafarsa, ya je kotu, mataimakinsa Abba Musa Rimi na jam'iyyarsu ya hau kujerar, shi kuwa ya zauna a gidansa a Kaduna yana noma yana sukar kowace gwamnati har rasuwarsa a 2020. Idan aka kwatanta da abin da ya faru a titin Rabah shekara 15 kafin nan, za a ga tazarar da ke tsakanin mummunan amfani da doka da rashin doka gaba ɗaya.

To me ya sa wannan bai gamsar da matasa ba? Domin zaɓe ya dawo amma tushen tsarin bai canza ba. Man fetur ya maye gurbin gyaɗa da koko, jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 suna jiran rabon wata-wata daga Abuja, don haka kujera ta ƙara tsada, gwamna kuma bai dogara da harajin talaka ba balle ya ji tsoronsa. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira ya tsadar da kayan gyaran injuna, ƙarancin wutar lantarki da fasa-ƙwaurin atamfa suka ƙarasa sauran. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, sauran manyan masaƙun suka bi bayanta cikin 'yan shekaru. Wanda ya bi ta Kakuri yau zai ga dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe masu tsatsa da ciyawa ta cinye, a wurin da a da dubban ma'aikata ke fitowa a kan kekuna idan an tashi aiki. 'Ya'yan waɗannan ma'aikata ne ke tuƙa Keke Napep. Majalisar Dattawa ta yi watsi da tazarcen Obasanjo a 2006, Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari waya ya amince da shan kaye a 2015, kuma waɗannan manyan abubuwa ne a tarihinmu, amma wanda ya ga an canza shugaba sau da dama rayuwarsa ba ta canza ba yana da dalilin yin shakka.

Akwai kuma wani ƙulli mai wuyar kwancewa. Idan ana son mai mulki ya sauka cikin lumana, dole ya tabbata ba za a farauce shi ba, amma idan aka ba shi wannan tabbaci, waɗanda ya zalunta sun rasa haƙƙinsu. Shugaba Charles Taylor ya bar Laberiya a 2003 ya zauna a Kalaba bisa yarjejeniya, aka miƙa shi a 2006, aka yanke masa shekara 50 a 2012 kan laifukan yaƙi da aka aikata a Saliyo. Adalci ne ga mutanen Saliyo, sai dai duk wani mai mulki da ke da jini a hannunsa ya ga abin da ya faru ya kuma yi lissafinsa. Yahya Jammeh bai bar Gambiya a Janairun 2017 ba sai da dakarun ECOWAS suka tsaya a kan iyaka aka kuma samar masa mafaka.

Nijar, wadda muke yare ɗaya da kasuwa ɗaya da auratayya da ita, ta bi ta kusan kowace irin ƙofa. Diori Hamani ya haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary tun 1959, Seyni Kountche ya kifar da shi a 1974 ana tsakiyar fari, Ibrahim Ba'are Mainasara ya kawar da Mahamane Ousmane a 1996, masu gadinsa suka kashe shi a 1999, Tandja Mamadou ya nemi tazarce sojoji suka ɗauke shi a 2010. Sai a Afrilun 2021 aka fara ganin zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba mulki, kuma ranar 26 ga Yulin 2023 shugaban dakarun da ke gadin fadar, Janar Abdourahamane Tchiani, ya tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Fushin da mutanen Nijar da Mali da Burkina Faso ke yi da Faransa yana da tushe, haka ma gajiyarsu da ta'addancin da gwamnatocin farar hula suka kasa magancewa, kuma rufe iyaka da yanke wutar lantarki da Nijeriya ta yi talakawan Maraɗi da Jibiya da Illela ya fi cutarwa, shi ya sa sanatocin Arewa da malamai suka tsaya kai da fata a kan kada a kai yaƙi. Amma ƙasashen uku, waɗanda suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, duk sun ɗage maganar zaɓe. Burkina Faso ta ƙara wa Traore shekara biyar daga Yulin 2024, Mali ta rushe jam'iyyun siyasa ta ba Assimi Goita wa'adin shekara biyar da ake iya sabuntawa. A Yamai an rantsar da Tchiani a watan Maris na 2025, aka rushe jam'iyyu, Bazoum ya shafe fiye da shekara biyu a tsare ba a gurfanar da shi gaban kotu ba, wa'adin riƙon ƙwaryar kuma shekara biyar ne da ake iya tsawaitawa idan hukumomi suka ga yanayin tsaro bai inganta ba.